Yanda ake nuna asalin hoto, murya da bidiyo a cikin memuwar

Akwai tambaya guda da ke kada ɗalibi ranar sutnans, wato ranar da zai kare memuwar ɗinshi (kundin kammala karatu) gaban juri, ko da ya sha wahalar aikinshi: wanga hoton na shafi kaza, daga ina ka samo shi? In aka duba ƙarƙashin hoton sai a ga "Source : Google" ko "Source : Internet", wani ma "WhatsApp" zai rubuta hankali kwance. To Google bai taɓa riƙe kyamara ba, WhatsApp kuma bai taɓa zuwa gona ya ɗauki hoton murzuna a kan zangarniyar gero ba. Akwai mutum ko ma'aikata da ta yi aikin, shi ne ake son ka ambata. Mu da muka tashi muna jin malamai na karanta hadisi ai abin ba baƙo ba ne gare mu, ba a karɓar magana sai da isnadi, wane daga wane har a kai tushe. Abin da juri ke nema kenan, a ce wani da bai san ka ba ya ɗauki abin da ka rubuta ya bi shi ya iske hoton nan ɗin, ko ya ji maganar nan a daidai mintin da ka ce an yi ta.

Kafin komi, je ka tambayi malamin da ke duba aikinka wane tsari sashenku ke bi, kar ka yi zato. Akwai APA, wanda bugu na 7 ya fito a 2019, akwai ISO 690 da makarantun da ke koyarwa da Faransanci suka saba da shi, ƴan kiwon lahiya kuma sau da yawa Vancouver ake ce su bi, mai lambobi. A jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kaɗai akwai ƴan noma, ƴan kimiyya, ƴan likitanci da ƴan IUT (cibiyar koyon fasaha), ba dole ba ne abin da aka ce ma abokinka ya zama shi za a ce maka. Ni APA zan bi a misalaina, kuma da Hausa zan rubuta su dan a gane, kai sai ka mai da su harshen da kake rubutu da shi. Wanda duk ka ɗauka dai ka tsaya kanshi daga shafin farko har na ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi kowane sauƙi kuma shi aka fi tsallakewa. Ranar da ka sauke hoto ko bidiyo, ranar nan za ka rubuta bayaninshi, ba sai ana saura kwana uku a kai aiki wajen bugawa ba, lokacin da kuran ya ɗauke, rezo ya ƙi, kai kuma ka manta ko a wane shafi ka gan shi. Ka ware kaye guda ko wani fayil a salula, duk abin da ka ɗauko ka rubuta wanda ya yi shi, shekara da wata da rana in akwai, sunan da aka ba abin, ko hoto ne ko bidiyo ko murya ko taswira, inda aka aje shi, adireshin intanet cikakke, da ranar da kai ka gani. Sannan ka canza sunan fayil ɗin. Maimakon ka bar shi da tarin lambobi, sa mishi kaman gulbi_ambaliya_2020_sunanmaihoto. Mai kwamfuta ya saka manhajar Zotero, kyauta ce, tun 2006 take, danna guda take kwashe bayanin shafin YouTube ko na jarida ta aje maka, daga baya ta jera maka su a tsarin da ka zaɓa. Sai dai a riƙa dubawa, wani lokaci takan ɗauki sunan shafi ta sa a gurbin sunan mutum.

Yanzu ga inda aikin yake, wato neman tushe. Mafi yawan hotunan da ke cikin salularmu turo mana su aka yi. In ka duba a Android za ka ga suna kaman IMG-20230512-WA0004, muryar da aka naɗa kuma PTT ne farkon sunanta. Wagga lambar ba ranar da aka ɗauki hoton ba ce, ranar da ya shigo wayarka ce, dan haka kar ka kuskura ka rubuta 2023 a matsayin shekarar hoton alhali wataƙila ya shekara goma yana yawo. WhatsApp ma gogewa yake yi ma bayanan da kyamara ke liƙa ma hoto in an tura shi a matsayin hoto, sai in an turo shi a matsayin takarda suke tsira. Shi ya sa in abokinka ne ya ɗauko maka hoto a ƙauye, ce mishi ya turo ta hanyar takarda, sai ka samu rana da sa'a, wani lokaci har da wurin.

In ba ka san mai hoton ba, saka shi a Google Lens ko TinEye. Za su nuna maka shafukan da ya taɓa fitowa, TinEye ma yana bari ka jera su daga mafi tsufa. Ka bi baya har ka kai inda aka rubuta sunan mai ɗauka, galibi a ƙasan hoton ko a gefe da ƙananan baƙaƙe, ko sunan kamfanin dillancin labarai irin AFP ko Reuters. A nan ne mutum ke gano cewa hoton ambaliyar da aka ce mishi na Gulbin Maraɗi ne ashe na wata ƙasa ne can daban. In ka yi iya yinka tushe bai fito ba, shawarata ka cire shi. Hau kabu-kabu ka je ka ɗauki naka, ya fi maka daraja gaban juri nesa ba kusa ba. Haka muryoyin da ke yawo a gurup na manoma, da yawa suna da masu su, RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, alal misali tana shirya bayanan noma da Hausa a murya, in ka saurari farko ko ƙarshen saƙon sau da yawa ana faɗin wanda ya shirya. To shi za ka ambata, ba ƙanin babanka da ya turo maka ba.

Idan tushe ya samu, wuri biyu za ka rubuta shi. Na ɗaya jikin hoton a cikin aikin, na biyu jerin madogara na ƙarshe. A jikin hoton kowane yana da lamba da take, sannan layin asali. APA na sa lamba da take a sama, bayanin asali a ƙasa, amma a memuwar ɗinmu na Faransanci an fi sabawa da taken hoto a ƙasa, na tebur a sama, wannan ma tambayi malaminka. Kuma duk hoton da ka saka ka kira shi a cikin rubutu, ka ce kaman yanda hoto na 4 ya nuna, in ba ka da abin cewa a kanshi to ado ne kawai, fidda shi. A jerin ƙarshe kuwa ga yanda yake tafiya:

Wane, A. (2019). Taken hoton [Hoto]. Sunan shafin ko gidan adana kayan tarihi. Adireshi.

In babu shekara ka sa s.d. (sans date, wato ba kwanan wata), kar ka ƙirƙiro. In hoton ba shi da take, kai ka bayyana shi a cikin baka mai kusurwa, misali [Hoton rumbunan gero a bakin gari]. In ma'aikata ce ta yi, kaman INS ko AGRHYMET ko INRAN, sunanta ke zama a gurbin sunan mutum. Hoton da ka ciro daga cikin littafi ko rahoto kuwa, littafin za ka sa a jeri, a ƙarƙashin hoton ka ƙara lambar shafi. In ka taɓa shi, ka yanke gefe ko ka ƙara kibiya ko ka juya rubutun ciki zuwa wani harshe, ka faɗa, ka rubuta cewa an gyara ne daga aikin wane.

Hoton da ka ɗauka da hannunka ba ya shiga jerin ƙarshe. A ƙasanshi kawai za ka sa "Cliché" da sunanka, wuri, wata da shekara. Watan nan yana da muhimmanci, hoton gona a Agusta da hotonta a Maris ai ba abu guda suke faɗa ba.

Taswira na son a ɗan daɗe a kanta dan kusan kowane memuwar na buɗewa da taswirar wurin bincike, kuma kusan kowa kwafe ta yake daga memuwar ɗin wanda ya riga shi, shi ma daga na gabanshi, har rubutun ya dushe ba a iya karanta sunan Tibiri ko Madarunfa. In kai ka zana ta a manhajar QGIS, kai ne mai taswira, amma bayanan da ka ɗora ba naka ba ne, sai ka rubuta wanda ya zana, sannan inda iyakoki da hanyoyi suka fito, ko IGNN ne, hukumar taswirori ta Nijar, ko OpenStreetMap. Su OpenStreetMap sharaɗinsu ne a rubuta cewa bayanan na masu ba da gudummawarsu ne, a jikin taswirar. In daga Google Earth ka ɗauko, kalli ƙasan allon, akwai sunan kamfanin da ya ɗauki hoton, Maxar ko Airbus ko wani, da ranar ɗauka, kar ka yanke wanga layin dan hoto ya yi kyau. Ɗauki misalin ɗalibin da ke son nuna yanda sassaben zamani ya mai da itatuwa a gonakin yankin Maraɗi tun daga shekarun 1980. Zai jera hoton sama guda biyu, na da da na yanzu. In bai faɗi tauraron da ya ɗauka ba, da ranar kowane, hujjarshi ta zube, dan mai juri zai ce mishi wataƙila ɗaya na damina ne ɗaya na rani. Tauraron Landsat na Amurka ya fara tun 1972, tun 2008 kuma hotunanshi kyauta ne, kowane ɗigo mita 30 a na yanzu. Sentinel-2 na Turai ya fara 2015, yana kai mita 10. Ka rubuta wanne ne, rana, da shafin da ka sauke. Sannan kibiyar arewa da ma'auni, waɗannan ba sai an faɗa ba.

Bidiyo kuma abin da ya bambanta shi da littafi shi ne ba shi da shafi, yana da minti. In ka ɗauko magana daga ciki sai ka rubuta (Wane, 2021, 14:32), wato minti na 14 da daƙiƙa 32. Wallahi ba adalci ba ne ka ce wani ya faɗi kaza a cikin bidiyo mai awa biyu ka bar mai karatu ya yi ta lalube. A jerin ƙarshe:

Sunan tashar. (2021, 6 Maris). Taken bidiyon [Bidiyo]. YouTube. Adireshi.

APA ta ce wanda ya ɗora bidiyon shi ke zama a gurbin marubuci, dan ta sunanshi ne za a same shi. To amma in wani malami ne ke magana a ciki, tasha daban ta ɗora, a cikin jimlarka ka ambaci mai maganar, a baka kuma ka sa sunan tashar. Ranar da ke ƙarƙashin bidiyo ranar ɗorawa ce. Karon kokowar da aka yi shekaru da dama baya ana iya ɗora shi bara, in ka san shekarar karon ka faɗe ta a rubutu. Fim kuwa daraktan ne ke gaba, sai shekara, sunan fim, da kamfanin da ya shirya. A kula da finafinan Hausa da wasu tashoshi ke yankawa kashi-kashi suna canza musu suna dan jan ƴan kallo, je farkon fim ɗin ko ƙarshenshi inda sunaye ke wucewa ka kwafo na gaskiya. Na TikTok da Facebook, sunan mai shafin, rana, sannan kalmomi 20 na farkon rubutun da ya raka bidiyon su ne take.

Rediyo ya fi wuya dan magana in ta wuce ta wuce. In shirin yana intanet, kaman na Studio Kalangou da ke aje shirye-shiryenshi a shafinshi, to da sauƙi, mai gabatarwa, rana, sunan shiri, gidan rediyo, adireshi. In kuma kai tsaye ka ji a Anfani ko Voix du Sahel, ka naɗa da salula nan take, ka rubuta rana da sa'a da harshen da aka yi shirin, in da hali ka je gidan rediyon ka roƙi kofi. Abin da ka ji a shago rediyo na kunne ba ka naɗa ba ba ka rubuta ba, gaskiya ba na ba ka shawarar ka gina hujja a kanshi. Waƙa ma haka, mawaƙin ne a gaba. Waɗanda muke samu wajen masu tura waƙoƙi a kati galibi ba shekara, sunan ma wani lokaci mai turawa ne ya raɗa, sai ka sa s.d., ka faɗi inda ka samo, ka tambayi dattawan da suka san waƙar sunanta na asali. Wanda aikinshi ya shafi tsoffin waƙoƙin fada ko tarihin baka ya tuna da cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO a Yamai, suna da naɗe-naɗen da aka adana, in ka yi aiki da nasu lambar da suka ba kaset ɗin ita ma tana shiga. Kuma in ka juya baitin Hausa zuwa Faransanci ka rubuta cewa fassararka ce, Hausar kuma ka kawo ta a gefe ko a rataye.

Hirar da ka yi da kanka daban take. Amsoshin mutanen da ka yi ma tambayoyin bincike sakamakonka ne, ba sa shiga jerin madogara, a babin hanyar bincike kake bayaninsu. Maganar da wani masani ya faɗa maka baki da baki ko ta saƙon murya, APA na ambatonta a cikin rubutu kawai da suna da rana, tunda mai karatu ba shi da hanyar jin ta. Amma ƴan tarihi da ƴan nazarin al'umma a nan sun saba da jeri na musamman na madogaran baka, suna, shekaru, sana'a ko sarauta, gari, da ranar hira. Ni wanga tsarin ya fi kwanta min, dan dattijon da ya zauna da kai a zaure ya ba ka tarihin kafuwar garinsu bai kamata sunanshi ya ɓace ba alhali wanda ya rubuta littafi a Faransa an jera nashi. Sharaɗi guda, ka tambaye shi. Kana kunna naɗi ka fara da faɗin rana da wuri, ka ce Baba ka yarda in naɗi muryarka, ka yarda in sa sunanka, amsarshi ta shiga cikin naɗin. In ya ce a'a ga suna, ba shi lamba ko harafi.

Daga nan sai maganar izini, dan ambaton mai abu daban, samun yardarshi daban. Nijar na da dokar haƙƙin mallaka ta 2010, wadda ta haɗa har da kayan al'adun gargajiya, BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, ke kula da wanga fanni, ƙasar kuma tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka. Ɗauko ɗan guntu dan karatu tare da faɗin mai shi abu ne da aka saba bari, amma ranar da memuwar zai zama maƙala a mujalla ko littafin sayarwa, masu bugawa za su nemi takardar izinin kowane hoton da ba naka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce tun farko ka nemi masu lasisin Creative Commons, Wikimedia Commons cike take da su. Ka shiga shafin hoton kanshi, nan za ka ga mai shi da irin lasisin. BY na nufin ka ambaci mai shi, SA in ka gyara ka saki naka da lasisi iri ɗaya, NC ba kasuwanci, ND ba gyara. Ka ƙara haruffan nan a ƙarshen layin asali. Sai fuskokin mutane. Ƴan kiwon lahiya musamman, hoton mara lahiya ko yaro mai tamowa ba a saka shi sai da yardar shi ko ta iyayenshi, a rufe ido, a cire suna daga jikin takardar asibiti in ta fito a hoton. Matan da ke cikin gida ma kar ka ɗauke su a fakaice ka ce ai bincike ne.

Hoton da ka sa na'ura ta ƙirƙiro maka, ChatGPT ko wata, ka faɗa a fili, sunan manhajar, kamfanin, rana, da abin da ka rubuta mata. Yana iya zama zanen bayani, ba ya zama shaidar cewa abu ya faru a Dakoro.

Adireshin intanet kuma mutuwa yake, mai bidiyo ya goge, a rufe shafi, shi kenan. Dan haka duk shafin da ka dogara da shi ka kai adireshinshi Wayback Machine, ma'ajiyar shafukan intanet, ka adana, za ta ba ka wani adireshin mai ɗauke da rana. Ba ta cika kama bidiyo da kyau ba, shi sai ka sauke kofi ka aje a kile, tare da hoton allo da ke nuna sunan tasha da rana. Kar ka sa adireshin sakamakon binciken Google mai layi huɗu, na shafin kanshi ake so.

Ana gobe za ka kai bugawa, zauna da aikin ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Lambobin sun bi juna, kowane na da layin asali, duk sunan da ke ƙarƙashin hoto, ban da na waɗanda ka ɗauka da hannunka, yana cikin jerin ƙarshe, duk wanda ke jerin ƙarshe an kira shi a ciki. Danna kowane adireshi ka ga ya buɗe. Ka mai da fayil ɗin PDF kafin ka fita da shi, dan Word na wata kwamfutar yakan ture hoto ya raba shi da layin asalinshi zuwa wani shafi. In baƙi da fari za a buga, fara fidda shafin taswirar shi kaɗai ka duba, kore da ja kan koma toka iri guda, in haka ta faru sai ka biya a buga maka waɗannan shafukan da kala ko ka canza launukan zuwa zane-zanen layi.